Daga Rigasa Zuwa Heaton Park: Yadda Na Je Kallon Oasis a Garinsu

Ranar 27 ga Agustan 2024 aka sanar cewa mawaƙan nan wa da ƙani, Noel da Liam Gallagher, sun shirya, ƙungiyar waƙarsu ta Oasis za ta dawo wasa bayan shekara 15 da watsewa. Ranar Asabar ɗin da ta biyo baya aka buɗe sayar da tikiti. Ina Kaduna, ƙanin matata yana Manchester inda yake aikin jinya, kowa ya buɗe kwamfuta tun da hantsi muna bin layi a intanet. Nawa layin bai je ko'ina ba, aka ɗauke wuta, batir ya mutu. Shi Allah ya ba sa'a, ya samo mana guda biyu na tsayuwa a kan fam 148.50 kowanne. Waɗanda suka daɗe a layi sun tarar da irin wannan tikitin ya koma fam 355. Abin ya ta da ƙura har hukumar da ke sa ido kan kasuwanci a Birtaniya ta buɗe bincike.

Na san Oasis ne a Samaru, ƙarshen shekarun 1990, daga wani kaset da abokin ɗakina ya samu hannun yayansa da ya dawo daga Ingila. Abokanmu suna jin waƙoƙin Indiya da rege, mu biyu muna fama da ƙarar jita, ana ce mana masu jin hayaniyar Turawa. Ban taɓa zaton zan ga mutanen nan da idona ba, balle da aka ce sun yi baram-baram a bayan dandamali a Paris cikin Agustan 2009, Noel ya fita bai waiwayo ba.

Abu mai wuya shi ne yi wa Hajiya bayani. Ba asibiti za ni ba, ba karatu ba, ba aiki ba. Na rasa ta inda zan ɓullo, sai na ce mata wasu mawaƙa ne wa da ƙani, sun yi shekara da shekaru suna gaba, yanzu sun shirya za su yi wasa tare.

"Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"E, Hajiya."

"Mahaifiyarsu tana da rai?"

"Tana nan."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ita tana ina har aka kai haka? Kai kuma kuɗinka ne ya yi yawa. Allah ya kiyaye hanya."

A 2025 bizar ziyara ta wata shida fam 127 ce, a lokacin da fam ɗaya ya haura naira 2,000. Na haɗa takardar banki, da wasiƙar wurin aiki, da wasiƙar gayyata daga ƙanin matata, na je Abuja aka ɗauki hoton yatsu, na dawo na yi ta duba waya har aka kira ni in karɓi fasfo.

Ranar Talata na hau jirgin ƙasa daga Rigasa. Tun harin Maris ɗin 2022 ba na shiga jirgin nan ba tare da na yi addu'a sau biyu ba, amma lafiya lau muka sauka Idu. Washegari da asuba na nufi filin jirgi. Ƙanin matata ya roƙi kilishi, sai dai dokar Birtaniya ba ta yarda a shiga da nama daga ƙasashenmu ba, don haka abin da na ɗauka kuka ce da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji. Jami'in da ya buɗe jakata ya kwance ƙullin daddawar, ya shinshina, ya mayar da sauri, ya ce in wuce. Tafiyar sama awa shida ce da ɗoriya. Da muka sauka Landan ban taɓa agogona ba, domin a wannan lokaci na shekara lokacinsu da namu ɗaya ne.

A Heathrow masu fasfon Birtaniya da Turai da Amurka suna ta shigewa ta ƙofofin na'ura, mu masu koren fasfo muka kama layi mai lanƙwasa. Na riga na tsara amsoshina tun a jirgi. Da na isa gaban jami'ar, ta tambayi abin da ya kawo ni. Na ce ziyarar ɗan'uwa, da kuma kallon wasa. Wane wasa? Na ce Oasis. Ta ɗago kai ta dubi jamfata da hulata, ta sake duban fasfo. Ta ce in nuna tikiti. Na buɗe waya na miƙa mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ita da mijinta sun wuni a layi ranar da aka buɗe sayarwa, ba su samu ko ɗaya ba. Ta tambayi ranar komawata da adireshin masaukina, ta sallame ni.

Daga nan jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Euston, sai jirgin Manchester, awa biyu da 'yan mintoci. Na sayi tikitin tun ina gida, shi ya sa bai wuce fam 40 ba; wanda ya zo saye a ranar zai biya ninkinsa ko fiye. Tun a cikin jirgin na fara ganin alamun abin da ke gabana: maza masu furfura sanye da riguna masu zane uku na Adidas da huluna masu faifai irin na masunta, an buɗe gwangwanayen giya tun kafin a bar Landan.

Ƙanin matata ya tarbe ni a tashar Piccadilly da kayan aikinsa a jiki. "Yaya, sannu da hanya. Ina kilishina?" Ya kai ni gidan da suke haya a Longsight, cikin jerin gidajen jan bulo da ke manne da juna. Su huɗu ne a gidan, kowa da ɗakinsa, kicin da banɗaki na tarayya. Ya ba ni gado, ya shimfiɗa katifa a ƙasa. Na yi ƙoƙarin ƙi, ya ce in Anti ta ji ya kwantar da mijinta a ƙasa ba zai sake samun daddawa ba. Da otal na nema a wannan makon, da kuɗin kwana biyu ya kai kuɗin tikitin wasan ko ya wuce.

Abin da ban shirya masa ba shi ne zafi. Na cika jaka da rigunan sanyi, sai na tarar garin yana cikin zafin da ya kai wajen digiri 30. Mutumin Kaduna zai yi dariya, ni ma na yi, har dare ya yi. Gidajen nan an gina su ne don su riƙe ɗumi. Bango mai kauri, kafet a ƙasa, taga ba ta buɗuwa sai kaɗan, babu fanka, babu na'urar sanyaya ɗaki, ba kuma tsakar gidan da mutum zai ja tabarma. Ga rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare. A yi Magariba, a yi Isha'i wajen sha ɗaya, kafin barci ya yi nisa an shiga lokacin Asuba wajen ƙarfe uku. Na tausaya wa waɗanda azumi ya taɓa riska a irin wannan wata.

Ranar Alhamis ya tafi aiki, ni kuma na hau bas zuwa Burnage, unguwar da 'yan Gallagher suka tashi. Iyayensu 'yan Ireland ne da suka zo ci-rani, uwar ce ta rene su bayan ta rabu da uban. Unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi, gidajen ƙaramar hukuma masu ɗan fili a gaba, shiru, ba abin da zai nuna maka daga nan aka fito aka tara mutum 250,000 cikin dare biyu a filin Knebworth da ke kudancin Ingila a 1996. A kan titin Fog Lane akwai wani tsohon shagon faya-fayai mai suna Sifters, inda suke sayen waƙoƙi suna yara, har sun ambace shi a cikin wata waƙarsu. Shagon bai fi ɗakin zaure ba, amma na tarar da layi a waje. A gabana wasu 'yan mata biyu daga Japan, a bayana wani ɗan Ajantina da ɗansa. Da ya ji daga Najeriya nake, ya rungume ni, ya fara lissafo mini wasannin da ƙasashenmu suka buga a gasar cin kofin duniya, duka kuwa su suka ci. Na sayi faifan CD na kundinsu na farko, na 1994, ko da yake ba ni da abin kunna shi a gida.

Da yamma na shiga tsakiyar gari na tsaya a dandalin St Ann's. A nan ne, kwana uku bayan harin bam na 22 ga Mayun 2017 da ya kashe mutum 22 a zauren Manchester Arena, jama'a suka yi shiru na minti ɗaya, sai wata mata ta fara rera waƙar Oasis mai suna "Don't Look Back in Anger" ita kaɗai, taron ya amsa. Tun daga ranar waƙar ta zama ta garin. Daga nan na wuce titin Wilmslow a Rusholme, inda gidajen abincin halal suka jeru hagu da dama, na Pakistan da na Larabawa da na Kurdawa. Shinkafa da naman rago fam 12. Na daina juya kuɗi zuwa naira daga wannan daren, don kada abinci ya ƙi wucewa.

Wasanmu ya faɗo ranar Juma'a, 11 ga Yulin 2025, daren farko cikin biyar da suka yi a Manchester, mako guda bayan buɗe rangadin a Cardiff. Muka yi sallar Juma'a a babban masallacin Victoria Park, muka koma gida na tuɓe jamfa na sa riga da wando. Ƙanin matata ya ce, "Yaya, kada ka sa takalmin da kake so." Ban gane ba sai daga baya.

Heaton Park yana arewacin gari, fili ne na shaƙatawa da ya kai eka 600. Daga tashar Victoria muka shiga ƙaramin jirgin ƙasan nan mai ratsa tituna, cike maƙil, ana waƙa tun kafin ya tashi. Muryar da ke sanar da tashoshi a wannan makon ta Liam ce, an naɗe ta musamman, duk sanda ta fito sai jirgin ya ɗauki ihu. A ƙofa aka duba tikiti a waya, aka laluba aljihu, karnuka suna shinshinar mutane. A ciki ba a karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Mutum 80,000 ake sa ran gani, kuma na yi imani sun cika. Can nesa kan wani tudu a wajen shinge, waɗanda ba su samu tikiti ba sun shimfiɗa barguna suna hangen alluna kyauta. Daga baya hukumar gari ta kafa katanga ta toshe musu.

La'asar ta same mu a ciki. Na yi alwala da ruwan roba, na zaga bayan wata motar sayar da abinci ina neman wuri mai tsabta. Wani mai gadi da ya yi kama da ɗan Pakistan ya lura da ni. Bai ce komai ba, ya fasa wani kwali ya shimfiɗa mini a kan ciyawa, ya duba wayarsa ya nuna kudu maso gabas, ya tsaya a gabana da rigarsa mai ƙyalli yana karkatar da masu wucewa har na sallame. Na ce masa na gode, ya ce in sa shi a addu'a, shi sai ya tashi aiki zai rama tasa.

Ƙungiyar waƙa ta Cast ta fara share fage, mawaƙi Richard Ashcroft ya biyo baya. An ce Oasis za su fito takwas da kwata, takwas da kwata kuwa suka fito, rana tana nan a sama. Wannan ya tsaya mini a rai. A gida da an ce takwas, sai goma ta wuce ana jiran babban baƙo, mai gabatarwa yana jero sunayen manya da muƙamansu. A nan babu kujerun gaba, babu mai hawa dandamali ya yi liƙi, babu mawaƙin da zai tsaya ya wasa wani attajiri. Kowa ya biya a ƙofa, lauya da birkila suna tsaye kafaɗa da kafaɗa a kan ciyawa ɗaya. Ba na cewa namu ba shi da daɗi, akwai abin da kirari ke yi wa jiki wanda jita ba ta yi. Amma na ji daɗin wasan da ba a katse shi don wani ya shigo a makare.

Suka fito riƙe da hannun juna, an ɗaga sama. Ƙarar da ta tashi ban taɓa jin irinta ba, a ƙirji na ji ta kafin kunne. A daidai nan na gane maganar takalmi. Da aka buga jita ta farko, dubban kofunan roba cike da giya suka tashi sama, suka zubo a kanmu. Kaina, wuyana, cikin takalmina. Mutumin da bai taɓa kai ta baki ba, ga shi ya yi wanka da ita a ranar Juma'a. Na dubi ƙanin matata, yana dariya har da riƙe ciki. Wani ƙato da ke gefena ya ga fuskata, ya ciro hularsa ya kifa mini a kai, ya ci gaba da tsalle.

Liam yana da shekara 52 a lokacin, Noel 58. Liam bai sauya ba: doguwar rigar sanyi a cikin wannan zafi, hannaye a baya, ya ɗaga haɓa yana rera waƙa sama zuwa makirufo. Muryarsa ta fi yadda nake jin ta a bidiyoyin shekarunsu na ƙarshe kafin rabuwa, ta dawo da kaifinta. Noel yana can gefe, kai a sunkuye kan jita. A tsakaninsu Paul Arthurs, wanda ake kira Bonehead, da aka kafa ƙungiyar da shi a 1991. A bayansu an jingina hoton Pep Guardiola na kwali, tsawon mutum, domin 'yan Gallagher masoya Manchester City ne na gani-kashe-ni. Da aka sadaukar masa da waƙa, 'yan United da ke cikin taron suka yi ta ihun ƙi, ƙanin matata a cikinsu.

Kafin wata waƙa Liam ya umarci kowa ya juya wa dandamali baya, a rungumi kafaɗun juna, a yi tsalle tare. Al'adar magoya bayan City ce da suka aro daga 'yan Lech Poznan na Poland. Hannuna na dama a wuyan ƙaton nan, na hagu a wuyan wani yaro da bai kai shekara ashirin ba, wanda ba a haife shi ba lokacin da waƙar ta fito, amma ya san kowace kalma. Ƙasa tana motsi a ƙarƙashinmu.

Waƙa 23 suka yi, duka na shekarun 1990 in ban da guda ɗaya ta 2002. Babu sabuwa, babu wanda ya nema. Gaskiyar magana, a waƙoƙi da yawa ban ji mawaƙan sosai ba, taron ya danne su. Da aka zo "Don't Look Back in Anger" Noel ya ja da baya daga makirufo ya bar wa mutane amshin. Na ga dattawa suna kuka ba kunya, wani ya ɗaga hoton wani mutum a waya yana nuna wa dandamali, ina jin ɗan'uwansa ne ko aboki da bai kai wannan rana ba. Ni ma na tuna abokin ɗakina na Samaru, na kira shi ta bidiyo, layin ya ƙi shiga saboda cunkoso.

Na zuba ido in ga ko shirin nasu na gaske ne ko na kuɗi ne, tunda kuɗin ba kaɗan ba ne. Ba su cika yi wa juna magana ba. In Noel zai rera nasa waƙoƙin, Liam yakan sauka ya ba shi wuri. Akwai waƙa guda da Liam ke ɗaukar baitoci, Noel ya karɓi amshi, amshin kuma yana magana ne kan yadda mutane ke bukatar juna; a nan na ga Liam ya juya yana kallon wansa har ya gama. A ƙarshe, bayan waƙar rufewa, ya taka ya rungume shi, ɗan gajeren runguma, ya buga masa baya ya wuce, tartsatsin wuta ya cika sama. A nawa ganin irin shirin manya ne da suka gaji da faɗa, kowa ya san iyakarsa. Na sha ganin irinsa a gidajen gado, kuma yakan fi na rantse-rantse ƙarko.

Fitowa ita ce wahala. An rufe tashar da ke bakin filin, layin motocin bas ba a ganin ƙarshensa, muka bi ayarin masu tafiya a ƙasa zuwa cikin gari, wajen kilomita shida. Hanyar ta ratsa Cheetham Hill, unguwar da Musulmi suke da yawa, masu shaguna sun fito ƙofa suna kallon dubban mutane suna wucewa da waƙa. Muka tsaya wani shagon halal muka ci kaza da soyayyen dankali a tsaye, mai shagon ya dubi rigata ya toshe hanci yana dariya. Sai wajen ɗayan dare muka isa gida. Na yi wanka, na sa tufafi masu tsarki, na haɗa Magariba da Isha'i, na zauna jiran Asuba tunda saura kaɗan. Takalmin a kwandon shara ya kwana.

Murya ba ta dawo ba sai ranar Lahadi. Da na zauna lissafi, kuɗin jirgin sama kaɗai ya cinye fiye da rabin abin da na kashe, biza da tikiti da jiragen ƙasa suka raba saura, masauki da yawancin abinci kuwa ƙanin matata ya ɗauke mini. Ashe da nasa lissafin. Daren da zan taho ya fito da jaka guda cike da saƙo: turare na Anti, takalma na yara, man zafi da maganin ciwon gwiwa na surukata, cakulan na duk wanda ya zo sannu da zuwa. A Heathrow sikeli ya nuna na haura kilo. Na durƙusa gaban kanta na buɗe jakunkuna, na ciro rigunan sanyin da ban sa ko sau ɗaya ba, na jibga biyu a jikina, na ɗaura ta uku a ƙugu, aka sake aunawa ya yi daidai. Da su na sauka Abuja.